Ƙananan gobarar da ba wanda ke haɗa lissafinsu

Tsohon Ɗan Kwana-kwana: Assalamu alaikum. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini rai, yau na ce bari in kawo shi gabanku. Shekara talatin na yi ina riƙe da tiyo, kuma gobara ɗaya ce har yau take hana ni barci, duk da ba a rasa rai ba. Wani kango ne a bayan wata makaranta. Cikin wata uku sau biyar aka kira mu wurin: yau tarin shara ke ci, gobe tsohuwar katifa, jibi taya. Kowace minti goma mun kashe, mu koma mu rubuta "ƙaramar gobara, babu asara". Ta shida ta zo da iska, ta haura katanga, ta cinye aji uku da ɗakin ajiyar littattafai. Da safe na ga yara tsaye da jakunkunansu suna kallon ƙarafunan benci, wata yarinya tana tonon toka da tsinke tana neman littafinta.

Daga baya na gano 'yan sanda suna da ƙorafi uku a kan samarin da ke kwana a kangon. Shugabar makarantar ta rubuta takarda sau biyu a kan katangar da ta faɗi. Masu kwashe shara sun daina shiga layin saboda wata matacciyar mota da ta toshe hanya. Ofis huɗu, littafi huɗu, kowa ya rubuta nasa daidai, amma ba wanda ya taɓa ganin na wani. Tambayata: ya za a yi hukumomin gari ɗaya su riƙa zama su haɗa abin da suka sani kafin a kai ga ta shida?

Abu Sadiq: Wa alaikumus salam Baba. Ni a ganina an bar jaki ana dukan taiki. Wanda ya ƙyasta ashana shi ne mai laifi. A kama biyu a ɗaure su shekara goma, sauran za su shiga taitayinsu. An taɓa ƙona mini ɗakin ajiyar kaya, har yau ba wanda aka gurfanar. Taro nawa za a yi ya dawo mini da abin da na rasa?

Sufeto Mai Ritaya: Allah Ya mayar da alheri, Abu Sadiq. Amma bari in faɗa maka dalilin da ya sa irin naka ke mutuwa a fayil. Cikin laifuka, cinna wuta yana daga cikin waɗanda suka fi wuyar tabbatarwa, don wutar ce da kanta take cinye shaidar. Abin da ta rage kuma ruwan su Baba ya wanke. Kafin mu iso, mai wuri ya share, maƙwabta sun tattake, an kwashe jarkar da aka jefar. In 'yan kwana-kwana suka ji warin fetur a inda bai kamata ba, ko suka ga wuta ta tashi a wuri biyu da ba su haɗu ba, kamata ya yi a take su kira mu, a zagaye wurin da igiya, a ɗauki hoto, a zuba tarkacen a gwangwani mai murfi kafin fetur ɗin ya bi iska. Mu kuma sau da yawa sai bayan kwana uku takarda take zuwa. Wannan ihu ne bayan hari.

Tsohon Ɗan Kwana-kwana: Gaskiya ka faɗa Yallaɓai. Mu ma da namu. An koya mana kashe wuta, ba a koya mana kiyaye shaida ba. Amma mu ma mun sha kira ba a zo ba.

Ɗalibar Tsara Birane: Baba, labarinka ya tuna mini da wani bincike da Lawrence Sherman da abokan aikinsa suka fitar a 1989 a kan birnin Minneapolis na Amurka. Sun duba kiran da aka yi wa 'yan sanda na shekara guda, sai suka ga kusan rabin kiran daga kashi 3 cikin 100 na wuraren birnin ya fito. Wato ɓarna ba ta watsu a gari daidai-wa-daida ba, tana da matsugunai. Kangonka ɗaya ne daga cikinsu. Da akwai taswira guda a bango da kowace hukuma ke zuwa ta soka alama, da tun a gobara ta uku an ga alamomi sun taru a wuri ɗaya.

Su Ingila da Wales doka suka yi a kai a 1998, wadda ta wajabta wa 'yan sanda da ƙananan hukumomi su zauna tare su tsara yadda za su rage laifuka a yankinsu, daga baya aka shigar da hukumomin kashe gobara da na lafiya. Dokar ta kuma ba su damar musayar bayanai, don kada wani ya ce ba shi da hurumin nuna littafinsa.

Akawun Ƙaramar Hukuma: 'Yata, ni da nake ciki bari in gaya miki yadda irin wannan zama ke ƙarewa. Zama na farko shugabanni ke zuwa. Na biyu mataimaka. Na uku sai a turo wanda ba shi da ikon sa hannu a kan komai, ya zo ya ce zai kai maganar sama. A rubuta bayanin taro, a sa a fayil. Na halarci irinsa har na gaji, kuma abin yana ba ni takaici don na san mutanen kirki ne a cikin ɗakin. Sannan kowa da kasafinsa. In na ce a rushe kango, daga aljihun wa?

Ummu Hanifa: Malam Akawu, ban musa maka ba, amma ni na ga wanda ya yi aiki, kuma na san dalili. Ni shugabar makaranta ce. Akwai shekarar da kusan duk Litinin sai na tarar da gilashin taga a ƙasa, an ɓalle famfo, an ƙona takardu a bayan ban-ɗaki. Muka fara zama mu shida, ranar farko ta kowane wata, awa ɗaya ba ƙari. Sharaɗinmu uku ne. Ba a kawo matsalar gari gaba ɗaya, wuri biyar kawai ake ɗauka. Kowane wuri sai an rubuta sunan mutum ɗaya a gabansa, ba sunan ofis ba. Sannan a sa rana. Wata mai zuwa abin da ake fara tambaya shi ne, "Wane, an janye motar nan ko ba a janye ba?" Mutum yana jin nauyin ya ce bai yi ba a gaban mutum biyar sau biyu a jere.

Kuma yawancin ayyukan ba kuɗi suke ci ba. Matsar da kwandon shara daga jikin bango zuwa tazarar da ko ya kama ba zai lashi rufi ba, a ɗaure shi da sarƙa. Sauya ranar kwashe shara daga Litinin zuwa ranar ƙarshe ta mako, don kada ta kwana biyu a makaranta babu kowa. Sare ciyawar da ta bushe a jikin katanga. Gyara ƙwan fitila biyu.

Abu Sadiq: Hajiya, duk wannan gyaran wuri ne. Mai mugun nufi in ka tsare nan ai can zai koma.

Ɗalibar Tsara Birane: Yaya Abu Sadiq, masana sun bi wannan tambayar sosai. Wani nazari na 2009 ya tattara bincike 102 a kan irin wannan gyaran wuri. A kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka auna ne aka ga laifin ya koma maƙwabta, kuma a kusan adadi iri ɗaya aka ga akasin haka, wato maƙwabtan ma sun samu sauƙi. Dalili shi ne mai yawan wannan ɓarnar ba da shiri yake fitowa daga gida ba. Ya tarar da kwali a jibge, ba haske, ba mai gani, ga ashana a aljihu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A birnin Groningen na ƙasar Holan an gwada wani abu da aka wallafa a 2008. An rataya wa kekuna takardar talla a wani lungu da babu kwandon shara. Da bangon yake fes, kashi 33 cikin 100 ne suka yar da takardar a ƙasa. Da aka ɓata bangon da rubuce-rubucen fenti, sai suka kai kashi 69. Lungu ɗaya, mutane iri ɗaya. Haka jiragen ƙarƙashin ƙasa na New York: daga 1984 suka ɗauki ƙa'idar cewa taragon da aka riga aka wanke, in aka sake ɓata shi, ba zai ɗauki fasinja ba sai an goge. Zuwa 1989 sun gama da matsalar, don mai zanen ba ya samun ganin aikinsa yana yawo a gari.

Barista: Ina tare da ku a kan gyaran wuri. Inda nake son a taka a hankali shi ne maganar kama mutane. Haɗin kan hukumomi yana da haɗarinsa: in mutum ɗaya a ɗakin ya ce "ai yaron gidan wane ne", sai ka ga ofis biyar sun ɗauka, ba wanda ya tambayi hujja. Ku tuna Cameron Todd Willingham a jihar Texas ta Amurka. Gidansa ya ƙone a 1991, 'ya'yansa mata uku suka rasu. Masu binciken gobara suka ce da gangan aka cinna, suka kafa hujja da tsatstsagewar gilashi da tabon ƙuna a daɓe da suka ce alamar an zuba mai ne. Aka zartar masa da hukuncin kisa a 2004. Ƙwararru a kimiyyar wuta da suka sake duba fayil ɗin sun ce waɗannan alamomi ba sa tabbatar da komai. Gilashi mai zafi yana tsatstsagewa haka in ruwan sanyi ya taɓa shi, kuma ɗakin da wuta ta game shi gaba ɗaya yana barin irin wannan tabo ko ba a zuba ko ɗigon mai ba. Don haka, Yallaɓai, kiran gaggawa da ka ce a riƙa yi daidai ne, amma wanda zai ce "cinnawa aka yi" dole ya zama ya koyi aikin, ba hanci da zato kawai ba.

Sufeto Mai Ritaya: Na karɓa, Barista. Shi ya sa nake ganin horon a haɗe ya kamata a yi shi, ɗan sanda da ɗan kwana-kwana a aji ɗaya, su tsaya a gaban ƙonannen ɗaki ɗaya. Sannan ba duk wuta ce ta yara ba. Akwai mai ƙona kayansa don ya ci kuɗin inshora, akwai mai ramuwar gayya, akwai mai son ɓatar da sawun sata ko takardun da za a bincika. Waɗannan ba fitilar titi ce maganinsu ba. Su sai an haɗa da kamfanin inshora da mai gabatar da ƙara tun daga makon farko. Irin ta Abu Sadiq wataƙila tana cikin waɗannan, kuma yana da gaskiya da yake son a hukunta.

Abu Sadiq: To alhamdu lillahi, an dawo inda nake. Ni ban ƙi a gyara wuri ba. Abin da na ƙi shi ne a mance da wanda aka cuta. Ba wanda ya taɓa kirana ya ce ga inda bincike ya kwana. Ni nake bin ofis-ofis, wannan ya ce rahoton yana wurin wancan.

Ummu Hanifa: Wannan kam dole ya shiga cikin sharuɗɗan. Mutum ɗaya da zai riƙa kiran wanda abin ya shafa, ko da abin da zai ce shi ne ba a samu komai ba tukuna.

Bari in koma kan yara, don nan ne zuciyata take. Wanda muka kama yana ƙona takardu shekararsa goma sha ɗaya. Da na zaunar da shi na ga ƙwayar gashin girarsa ta babbake, yatsunsa biyu da tabon ƙuna tsoho. Ashe ya daɗe yana yi a gida, an kai shi asibiti sau biyu, ba wanda ya tambayi yadda aka yi. Mahaifiyarsa aikin dare take yi. Da mun miƙa shi aka rufe, da mun samu ƙwararren mai laifi bayan shekara biyu. Abin da muka yi, wani ɗan kwana-kwana ya riƙa zuwa gidansu, jami'ar jin daɗin jama'a ta zauna da uwar, shi kuma ya yi sati uku yana taya mai gadi fentin bangon da ya ɓata, ya kuma tsaya gaban malamai ya nemi afuwa. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ɗalibar Tsara Birane: Mama, abin da kuka yi ya yi kama da shirin Halt na Holan, wanda aka fara a Rotterdam a 1981 saboda ɓarnar yara. Ɗan shekara 12 zuwa 18 da aka kama da ƙaramin laifi ana ba shi zaɓi ya gyara, ya biya, ya nemi afuwa, a maimakon kotu. Abin da kuma bincike ya nuna yana cutarwa shi ne kai yara gidan yari don fursunoni su tsorata su. An tattara gwaje-gwajen da aka yi a Amurka, aka ga waɗanda aka kai sun fi waɗanda ba a kai ba aikata laifi daga baya.

Anti Nas: Ina karantawa tun ɗazu, maganar asibiti ce ta sa na sa baki. Hajiya, yaron da ya zo da ƙuna amana ce a hannunmu. In iyaye suka san daga wurinmu sunan ɗansu zai tafi wurin 'yan sanda, za su daina kawo shi, su yi ta shafa masa abin da suka ga dama a gida har ciwon ya ruɓe. Ban yarda a sa mu ba da suna ba.

Barista: Anti, kina da gaskiya, kuma akwai hanyar tsakiya. A birnin Cardiff na Birtaniya wani likitan tiyatar fuska, Jonathan Shepherd, ya lura cewa yawancin waɗanda ake kawowa da raunin faɗa 'yan sanda ba su san da su ba. Sai aka tsara asibiti ya riƙa ba da wuri da lokaci da irin makamin, ba tare da suna ba. Da wannan kaɗai aka gane titunan da ya kamata a sa wa ido. Za a iya yin haka da ƙuna. Taswirar Baba wurare take buƙata. Sunan yaro kuwa, in ya zama dole, tsakanin mutum biyu ko uku da aikinsu kare yaron ne zai tsaya, ba a ɗakin taro ba.

Anti Nas: In haka ne ba ni da ja. Amma a rubuta shi, kowa ya sa hannu, don mutane suna sauyawa a ofis.

Akawun Ƙaramar Hukuma: Har yanzu ba a amsa mini maganar kango ba. Shi ne uwar matsalar, kuma shi ne ya fi tsada. Mai shi ya rasu, magada suna kotu, ko ya bar gari. Ba ni da ikon rushe dukiyar mutum.

Ɗalibar Tsara Birane: Ba sai an rushe ba, Baba Akawu. A birnin Philadelphia na Amurka an yi gwaji a kan filaye sama da 500 da aka yi watsi da su, aka wallafa a 2018. Wasu aka kwashe sharar, aka shuka ciyawa, aka sa ɗan gajeren shingen katako da ko yaro zai tsallake, wasu aka bar su yadda suke. A unguwannin da suka fi talauci, harbe-harbe sun ragu da kashi 29 cikin 100 a kewayen waɗanda aka gyara. Shingen ba ya hana kowa shiga, yana nuna cewa wurin yana da mai kula ne. Birnin kuma yana da dokar da ke tilasta wa masu gidajen da ba kowa su sa ƙofa da taga na gaske ko a ci su tara.

Tsohon Ɗan Kwana-kwana: Allah Ya yi miki albarka 'yata. Mu a aikinmu labarin birnin Detroit na Amurka muka fi sani. Can akwai daren jajibirin bikin Halowin da aka mayar daren ƙone-ƙone, a 1984 gobara ta haura 800 cikin kwana uku, da dama a gidajen da ba kowa. Motocin kashe gobara ba su isa ba, kuma ƙara motoci bai magance ba. A 1995 magajin gari Dennis Archer ya tara kowa. Aka hana yara yawon dare a kwanakin, aka hana sayar da fetur a jarka, aka kwashe tayoyi da matattun motoci tun kafin ranar, aka nemi kowane gida ya bar fitilar ƙofa a kunne, dubban mutanen gari suka fito sintiri, wasu aka ba su kango ɗaya su zuba masa ido. Gobarar ta yi ta raguwa har aka rufe shirin bayan na 2017. Kun ga kowace hukuma abin da ke hannunta ta kawo, kuma duk a kan kwana uku da aka sani.

Barista: Sharaɗi ɗaya a kan sintirin jama'a, Baba: ido da waya kawai. Su gani, su kira. Ranar da aka ba su sanda, an buɗe wata ƙofar da ta fi gobara wuyar rufewa.

Sufeto Mai Ritaya: Haka ne. Saura wa zai shugabanci zaman? In mu ne, jama'a za su ɗauka kame za a yi, asibiti da makaranta su ja baya.

Ummu Hanifa: Mu ƙaramar hukuma muka bar wa kujerar, don ita ke da shara da fitila da izinin gini, amma littafin 'yan kwana-kwana ne ke zaɓar wuraren biyar. Su mutane ba sa tsoron buɗe musu ƙofa.

Akawun Ƙaramar Hukuma: Kujerar zan iya karɓa in an yarda da abu biyu. Wanda za a turo ya zama mai ikon ba da umarni a ofishinsa, ko da ƙaramin umarni ne kamar tura mota. Sannan duk bayan wata shida a ƙirga gobara da fashe-fashen wuraren da aka ɗauka, a kwatanta da na bara. In ba su ragu ba a sauya dabara, kada a ci gaba da zama don an saba. Maganar toshe ƙofofin kango kuma zan duba dokarmu in ga ko za mu iya yi mu bi magada kuɗin daga baya. Barista, zan turo maka sashen ka duba mini.

Barista: Turo, Malam. Ka haɗo da na ba da sanarwa ga mai gini, don a nan ake yawan faɗuwa a kotu.

Abu Sadiq: Ku sa maganar kiran wanda aka yi wa ɓarna a rubuce ita ma. Baba, kangon nan na bayan makarantar, yana nan har yanzu?

Tsohon Ɗan Kwana-kwana: Yana nan, Abu Sadiq. An sake gina azuzuwan, an ɗaga katangar, amma shi ba a taɓa shi ba. Makon jiya na bi ta wurin na ga an fara jibge tayoyi a ƙofarsa, na ƙirga bakwai. Hajiya, ki turo mini yadda kuka tsara takardar nan mai suna da rana. Gobe da safe zan kai wa shugaban tasharmu ta da, daga nan in wuce wurin masu shara.